Dagin da ke Kallon Bango

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, kuma ko na so in manta, mutanen layin 'yan walda na Azare ba za su bar ni ba. Har yau idan mota ta mutu a bakin titi aka rasa masu turi, sai wani ya leƙo shagona ya ce, "Mai Walda, fito, ga aikinka ya samu." Ni kuma sai in kunna giranda, injin goge ƙarfe mai ƙara, in yi kamar ban ji ba.

Ni ƙofofin ƙarfe nake yi. Get, taga, ƙyauren shago, abin da ke hana ɓarawo shiga. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban kai ƙarshenta ba. Ilimin da na tara a sana'a guda ɗaya ne: in abu ya yi rawa, ƙara masa ƙarfe. In ya sake rawa, ƙara masa wani. Da wannan ilimin na ci da iyali, kuma ba a taɓa ɓalle ƙofar da na yi ba (an taɓa fasa bangon da ke gefenta, amma wannan tsakanin mai gida da magini ne).

A shekarun da wayar salula ta fara cika gari, wani malamin makarantar koyon sana'a, Malam Sabo, ya fara zama a shagona da yamma. Siriri ne, mai tabarau, mai magana a hankali kamar yana tsoron tashin jariri. Ya je kwas a Kudu ya ga wani injin da ake kira Si-En-Si, injin da kwamfuta ke tuƙawa ya sassaƙa katako shi kaɗai, ka zana abu a allon kwamfuta ya fito maka da shi a itace. Na ce to a sayo mana. Ya ce ko ni da shi da gidajenmu aka haɗa aka sayar ba za mu kai ba. Shi ya sa ya zo wurina: yana so mu haɗa namu da tarkace.

Tarkacen kuwa wajen Oga Emeka muka same su. Oga Emeka ɗan kasuwa ne mutumin Kudu, tsofaffin injinan ofis yake sayarwa a kusa da tasha, ya daɗe a Azare har yana gaida Fulani da Fillanci ya fi ni iyawa. Ya kai mu bayan shagonsa inda matattun injinan fotokofi suke jibge, ya ce, "Ku kwashe, kaji ne ke ƙwai a ciki. Amma ranar da abin ya tashi, ni ne a kujerar gaba." Daga cikinsu Malam ya ciro 'yan ƙananan moto masu juyawa da lantarki guda uku, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba.

Bari in faɗi yadda abin yake, don a gane inda na yi ɓarnar. Akwai tebur, inda ake ɗaure katako. Akwai wani ƙarfe da ya ƙetare teburin kamar kadarko, yana tafiya gaba da baya a kan boris, 'yan tayoyin ƙarfe. A jikin kadarkon aka rataya rauta, ɗan injin sassaƙa na kafintoci. Moto yana juya dogon rodi mai tiredi, rodin yana cikin noti, notin yana jan kadarkon kaɗan kaɗan. Kwamfutar Malam kuma ita ke gaya wa moto taku nawa zai yi. Shi ke nan. Abin da Malam ya yi ta nanata mini shi ne, "Mai Walda, kwamfutar nan makauniya ce. Ba ta ganin katako. Ƙirga take yi. In ta ce wa moto ya taka ɗari, ta ɗauka ya taka ɗari, ko da ya tsaya a hanya." Na ce na ji. Ban ji ba.

Kadarkon farko da alminiyom muka yi shi, irin na firam ɗin taga, don Malam ya ce moton ba su da ƙarfin jan nauyi. Muka ɗaura masa biro a maimakon rauta, muka shimfiɗa takarda. Ya zana da'ira, bakinta ya dawo ya haɗu daidai inda ya fara, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Gaskiya abin ya taɓa ni. Amma da muka sa rauta ta ciji katako, sai kadarkon ya fara lanƙwasa baya yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da'irar ta fito kamar ƙwan zabuwa, gefenta duk gatsa-gatsa.

Na ce, "Malam, ai ga ciwon nan a fili. Abin nan ba shi da ƙarfi. Bari in sa masa ƙarfe."

Ya ce, "Ƙarfi muke so, ba nauyi ba. In ya yi nauyi moto zai kasa, lissafi ya ɓace. In ya yi sakayau, ya lanƙwasa. Tsakiya za mu nema."

Na ce, "A ina ka taɓa ganin ƙarfi ba nauyi?"

Ya ce zai nuna mini in ya dawo, don an tura shi Bauchi wani taro na mako guda. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Don Allah kar ka taɓa shi." Na ce haba Malam, sai ka ce yaro.

To ga dalilin da ya sa na taɓa. An sa ranar auren 'yata ta fari. A wajenmu ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a jansa a jiki a gaban mutane. Yarinyar nan ta tashi, ta yi makaranta, ta gama karatun ungozoma, ta kawo wanda take so, duk ban taɓa zama na ce mata madalla ba. Ko gaisuwarta a taƙaice nake amsawa, ina kallon wani wajen. Haka na ga ubana ya yi da yayata. Amma abin yana nan a ƙirji, kuma na rasa ta inda zan fitar da shi. Sai na tuna da katakon madaci da mahaifina ya yanka a gonarmu ta Bulkachuwa kafin ya rasu, faffaɗa, mai kauri, ja kamar goro, yana jingine a zaure shekara da shekaru. Shi kaɗai ne, itacen ma babu shi yanzu. Na ce a raina, da wannan za a yi fuskar gadonta, kuma injin nan ne zai sassaƙa dagi a tsakiya, irin zanen nan na Arewa da layi ke shiga ƙarƙashin layi ya zagayo ya haɗu. Kowace amarya a Azare da gadon kafinta za a kai ta. Tawa da na kwamfuta.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma bakina ya riga injin tashi. Na haɗu da Alhaji Bappa a wajen wata ta'aziyya, ƙanin mahaifin angon ne kuma waliyyinsa, dattijo mutumin Giade mai shanu da ƙarancin magana. Maimakon in gaishe shi in sunkuyar da kai kamar yadda suruki ke yi, sai na ji kaina ina cewa, "Alhaji, ku zo ranar Juma'a bayan masallaci ku ga abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Katagum." Ya dube ni ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Da na koma shago na kalli kadarkon alminiyom ɗin nan, na kama shi da hannu ɗaya na girgiza, ya yi rawa. Na ce wannan ba zai kunyata ni a gaban surukai ba. Ina da guntun shasin tifa da na daɗe ina ɓoyo don babban aiki. Na yanka shi, na cire na Malam, na ɗora nawa, na bi shi da walda ciki da waje. Sai da muka taru mu uku kafin muka ɗaga shi. (Na kuma shafa masa fenti ruwan azurfa, wai don kada Malam ya lura. Mutumin da ke auna abu da kaurin takarda, shi zan ɓoye wa shasin tifa da fenti.) Na girgiza shi da hannu biyu, ko gezau. Na koma gida na ci tuwo na ƙara.

Ranar Juma'a na sha babbar rigata mai ruwan ƙasa, na sa an share shago, an jera benci. Alhaji Bappa ya zo da mutum biyu daga Giade. Oga Emeka ya rufe shagonsa ya zo da kujerarsa ta roba ya dasa a gaba. 'Yan layi kuwa ba a gayyace su ba, su ma ba su jira gayyata ba. Na riga na ɗaure katakon madacin a tebur da kusoshi a kusurwoyi, janareta na ta kuka a waje. Malam Sabo ne ya zo a ƙarshe, daga tasha kai tsaye, jakarsa a kafaɗa. Ya gaida baƙi, ya juyo ya ga kadarkon. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Me ka yi?"

Na ce, "Na gyara."

"Ka gwada shi?"

"Na girgiza shi da hannu biyu, bai motsa ba."

Ya ce, "Bai motsa ba." Ya sake kallon kadarkon. "To ai mu so muke ya motsa."

Ya roƙe ni a cire madacin a fara da wani guntun katako. Na kalli Alhaji, na ga yana duba rana, don suna so su koma Giade kafin magariba. Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam, bismillah, ba a gwaji a gaban manya." Malam mutum ne mai kunya, ba zai yi musu da ni a gaban surukaina ba. Ya zauna, ya rage gudun injin iya yadda zai ragu, ya danna maɓallin kwamfuta.

Farkon abin, wallahi, sai da na ji kamar in yi guɗa. Rauta ta shiga madacin, layi ya fito sumul kamar an ja reza, ba karkarwa ko kaɗan, jan garin katako yana tashi da ƙamshi. Na dubi Malam da gefen ido, na gyara hula. Ɗaya daga cikin mutanen Giade ya ce, "Ikon Allah, ba hannun kowa." Na ce, "Ba hannun kowa."

Sai aka zo kwana, inda kadarkon zai tsaya ya juya baya. Moton ya yi wani kuka, kirrr, rodin yana karkarwa a wuri ɗaya ba ya juyawa. Ya ɗan tafi, ya sake kirrr. Na ga Malam ya runtse ido.

Ni kuma a duniyar da na tashi, abin da ya ƙi tafiya tura shi ake yi. Mota, amalanke, jaki, duk magani ɗaya ne. Sai na matsa a hankali kamar na gaji da tsayuwa, na jingina kwankwasona da kadarkon, na ɗan danna. Kukan ya tsaya, ya tafi. Na ce a raina, ka ga, ɗan taimako yake so. Na ci gaba da jingina ina murmushi ina yi wa Alhaji bayanin abin da ban sani ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, dagi ba hanyar Kano ba ce. Yana zuwa ya dawo, ya karkata ya sake dawowa, kuma kwamfuta ba ta gaya mini inda za ta. Ina turawa gabas, ita ta juya yamma, sai ga ni ina kokawa da moton da nake taimako. Kirrr. Na saki na zagaya da sauri ɗaya gefen na tura. Kafin in daidaita ta sake juyawa. Na sake zagayowa. Tun ina yi da kwankwaso, na koma kafaɗa, na koma hannu biyu, na tattare babbar riga na saɓa a wuya, ƙafa ɗaya ta tokare bango. Hulata ta faɗi cikin garin katako, ban bi ta kanta ba. Gumi ya haɗu da jan gari ya yi mini kunun kanwa a fuska. Ina ji Malam yana cewa ƙasa-ƙasa, "Sake shi, Mai Walda, sake shi," ni kuma ina haki ina cewa, "Saura kaɗan."

A allon kwamfuta dagi yana fitowa tsaf, kyakkyawa, kamar na jikin rigar sarki. Ita a saninta komai lafiya. A katakon ubana kuwa, layin da ya kamata ya dawo ya haɗu da mafarinsa ya wuce shi da faɗin tafin hannu, ya ratsa ta tsakiyar zanen, ya yi wani lauje, ya miƙe ya nufi kusurwa, ya ci karo da kusa. Wuta ta yi tartsatsi. Malam ya fizge waya daga soket.

Injin ya mutu, sai kukan janareta a waje. Ina tsaye rungume da shasin tifa, kai ba hula, riga a wuya, a gaban waliyyin angon 'yata.

Alhaji Bappa ya gyara zama ya ce, "Mai Walda, tambaya zan yi, don ni ban yi boko ba. Kwamfutar ce ke tuƙa ka, ko kai ne ke tuƙa ta?"

Kafin in sami bakin magana Oga Emeka ya ce, "Alhaji, moto uku na ba su. Wannan shi ne na huɗu, ba daga shagona ya fito ba."

Dariyar da aka yi har masu shayi na tsallaken titi sai da suka leƙo. Ni ban yi ba. Ba don kunyar kaɗai ba. Katakon nake kallo. Abin da ke kansa ya fi kama da igiyar da akuya ta tsinke ta tukuikuye. Itacen da ubana ya yanka da hannunsa, maganar da na kasa yi wa yarinyar nan tun tana goye, na lalata su a zama ɗaya saboda taurin kai.

Ina jin Alhaji ya ga fuskata, don shi ne ya fara daina dariya. Ya tashi, ya ce a ba shi abin cire kusa. Da kansa ya ɓamɓare katakon, ya ɗaga shi, ya duba kaurinsa, ya ƙwanƙwasa, ya juya shi ya kwantar. Ɗaya gefen yana nan lafiya lau, ja, sumul.

Ya ce, "Wa ya yanka wannan?"

Na ce, "Mahaifina, Allah ya jiƙansa."

Ya ce, "Amin. Ya san ɗan da ya haifa, shi ya sa ya bar masa kauri. Ku yi a wannan gefen. Wancan ai bango zai kalla." Ya ɗauko hulata, ya kaɗe ta a gwiwarsa, ya miƙo mini. Har ya rasu bai sake tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ban san da me ake biyan irin wannan ba.

Labari ya riga ni isa gida. Mai ɗakina ta ajiye mini ruwan wanka ta ce, "An ce dambe aka yi a shago. Wa ya ci?" Na ce a ba ni sabulu.

Washegari na zaci Malam Sabo ba zai sake taka shagona ba. Sai ga shi da kwalin taliya a hannu. Bai ce ai na gaya maka ba (da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi). Ya yage gefen kwalin ya ba ni ya ce in lanƙwasa. Na lanƙwasa da yatsa biyu. Ya karɓa ya naɗe wani ya yi shi kamar bututu mai kusurwa huɗu, ya ce in sake. Ya ƙi lanƙwasuwa. Ya ce, "Nauyinsu ɗaya." Sannan ya nuna wani get da na jingine a bango, ya ɗora yatsa a kan ƙarfen da nake gicciyawa daga kusurwa zuwa kusurwa don kada ƙofa ta zube. Ya ce, "Wannan me ya sa kake sa shi?" Shekara nawa ina yin abin da hannuna, kaina bai taɓa tambayar hannun dalili ba.

Muka yi sabon kadarko da siririn fayif mai kusurwa huɗu, cikinsa fayau, na giccia masa 'yan ƙarafa ta baya. Hannu ɗaya ke ɗaga shi, amma ka girgiza ba ya rawa sai kaɗan. Shasin tifa kuma bai tafi a banza ba. Malam ya ce a sa shi a ƙarƙashin tebur, inda ba ya zuwa ko'ina, ya danne girgiza. Ya ce, "Nauyinka yana da amfani, Mai Walda. Wurinsa ne ƙasa."

Ko da haka abin bai zama na Turawa ba. Da moton fotokofi ba za ka sami gudu da zurfi da daidaito gaba ɗaya ba, sai ka bar wani. Muka bar gudu. Rauta tana shafar katakon sama-sama, ta zagayo ta sake bi, ta sake bi, kamar mai aske jariri. Kwanaki muka yi a kan dagi ɗaya. Oga Emeka ya zo da alli ya ja layi a ƙasa tsakanina da injin, ya ce in na ƙetare zai kira 'yan layi. A kan benci na zauna, hannuwana a ƙarƙashin cinyoyi. Da layin ƙarshe ya zagayo ya faɗa cikin mafarinsa, na fita waje na ce garin katako ne ya shiga mini ido. In ka bi kwanar da farce za ka ji ɗan gargada a wuri biyu. Malam ya ce wannan shi ne iyakar abin da tarkacenmu za su iya, kuma ya isa.

Da za a kai gadon wajen jere, na yanko falle na filawud zan rufe bayan, kada wani ya gani. Sai mai ɗakina ta zo ta tsaya a kaina ta ce yarinyar ta aiko ta, tunda ita ba za ta iya faɗa mini ido da ido ba.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce don Allah a bar bayan yadda yake. Wai na gaba injin ne ya yi. Na baya kuwa Baba ne ya yi da jikinsa."

Na ajiye guduma. Na ce to, ai filawud ɗin ma yana da wani aikin.

Gadon yana nan a ɗakinta har yanzu. Baƙi suna yaba dagin gaba. Jikokina kuwa, duk ranar da aka ja gadon za a yi shara, sai su ruga su leƙa baya su ga na Kaka, kuma an riga an ba su labarin har da hular. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da malamin da ba ya gori, da surukin da ya san juya katako, da uban da ya yanka shi da kauri. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Nauyi a ƙasa, sauƙi a abin da ke tafiya, kuma in ka ji inji yana kuka a gaban surukai, ka kashe shi. Kar ka rungume shi.